FATA CE KE FARA TONA ASIRIN CIWON SUKARI

Daga Wakilinmu na Arewa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, haka labarin jini yake, sau da yawa fata ce ke fara ba da shi. Ciwon sukari yakan yi shekaru a jikin mutum bai kwantar da shi ba ko da na kwana ɗaya, amma tun da wuri yakan bar alamu a wuya, da hammata, da ƙwauri, da tsakanin yatsun ƙafa. Wanda ya gane alamun nan ya je aka auna jininsa, ya tsira da lafiyarsa da sana'arsa. Wanda bai gane ba kuwa, sai ya yi ta sayen man shafawa a kemis, har ran da likita zai ce masa babu makawa sai an yanke ƙafar.

Wannan magana ta shafi kowa da kowa, amma ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Kurmi. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, da ɗan goro a Shagamu, da mai kora shanu a Lokpanta, da ɗan ga-ruwa, da mai gadi, da ɗan acaɓa, dukkansu jarinsu ƙafa ce da hannu. Ran da ƙafa ta ƙi takuwa, ran nan aike ya daina zuwa gida.

YADDA SUKARI KE TARUWA A JINI

Duk abincin da ya danganci tsaba ko rogo ko doya, in ya shiga ciki sai hanji ya narkar da shi ya zama wani irin sukari, ya shiga jini, jini kuma ya rarraba shi ga gaɓoɓi don su sami ƙarfin aiki. A bayan tumbi akwai wata halitta da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya yi ta taruwa a jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da samari, watau jiki ya daina yin insulin ɗungum, sai an riƙa yi wa mutum allurarsa. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin 1921, irin wannan ciwo ajali ne. Na biyu shi ne ya fi yawa, don cikin masu ciwon sukari 10 fiye da 9 shi gare su. Gado da ƙiba da yawan zama da manyanta su ne ke jawo shi, ko da yake siriri ma yakan kamu. Shi ne kuma mai shigowa a ɓoye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga mutum miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuma, a ƙiyasinta na 2021, ta ce manya wajen miliyan 3.6 ke da shi a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Waɗannan da ba su sani ba su ne fata ke yi wa gargaɗi, gama aƙalla mutum 1 cikin 3 na masu ciwon yakan sami matsalar fata, wani ma ita ce alamarsa ta farko.

ABIN DA SUKARI KE YI WA FATA

Ɓarnar tana zuwa ta hanyoyi da dama. Da fari dai, in sukari ya haura kamar 180 a ma'aunin miligiram, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya fita da shi. Shi ya sa mai ciwon ke yawan fitsari da dare, da yawan ƙishirwa, fatarsa ta bushe ta yi furu-furu tana ƙaiƙayi. Tun zamanin da likitocin ƙasar Indiya suka lura cewa tururuwa na taruwa a fitsarin masu wannan ciwo, kuma har yau wannan alama ce da bai kamata a raina ba.

Na biyu, a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi waɗanda su ne sojojin jiki. Sukari mai yawa yana kashe musu kuzari, su kasa cim ma ƙwayoyin cuta da sauri. Ga soja ya raunana, ga abinci ya wadata ga abokin gaba, sai ƙuraje da maruru su sami wurin zama.

Na uku, sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, manyan kuma su tsuke, sai jinin da ke isa fata ya ragu, musamman a ƙafa, wadda ta fi kowace gaɓa nisa da zuciya. Miki kuwa ba ya warkewa sai da jini.

Na huɗu, yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Abin yakan fara daga yatsun ƙafa. Mutum ya ji kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa ya riƙa zafi da dare kamar an zuba barkono, daga baya kuma ƙafar ta mutu ya ji kamar ba tasa ba. Jijiyoyin da ke sa gumi su ma sukan mutu, sai dunduniya ta bushe ta tsage.

Akwai kuma wata ɓarna da ke tafiya sannu a hankali. A 1912 wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda sukari ke manne wa sinadarin gina jiki in sun haɗu a kan wuta, watau abin da ke sa bayan burodi ya yi ja, tsire kuma ya yi launin gashi. Irin wannan mannewa tana faruwa a jikin ɗan Adam ba tare da wuta ba, sai dai tana ɗaukar shekaru. Sukari ya manne wa zaren da ke riƙe da fata, wanda ake kira kolajin, sai zaren ya sandare, fata ta rasa taushinta, ta tsufa da wuri. Wani mai ciwon har fatar yatsunsa takan yi kauri, in ya haɗa tafin hannuwansa biyu sai yatsun su ƙi haɗuwa sosai.

ALAMUN DA ZA A DUBA

Alama ta farko ita ce baƙin wuya. Fatar ƙeya da gefen wuya, ko ta hammata, ko ta matsematsi, sai ta yi duhu fiye da sauran jiki, ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Mutane kan ɗauka dauɗa ce, uwa ta kama yaro ta yi ta dirza da soso da sabulun salo, amma ko gezau. Dalilinsa shi ne jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, fankiriyas ta ƙara yawan wanda take fitarwa, yawan insulin ɗin kuma ya sa fata ta yi ta tofo. Sau da yawa tare da shi akan ga 'yan ƙananan tsiro masu reto a wuya da fatar ido. Wannan alama takan zo tun ciwon bai kama sosai ba, saboda haka ita ce mafi amfani, don a lokacin ana iya tare shi.

Ta biyu ita ce maruru mai dawowa. Kowa na yin maruru, amma wanda wannan na warkewa wancan na fitowa, ko wanda ya yi wani babba a ƙeya ko gadon baya mai baki da yawa yana fitar da mugunya, lalle ne a auna jininsa.

Ta uku ita ce ƙaiƙayi a wuraren da fata ke haɗuwa da fata, kamar matsematsi, da ƙarƙashin nono, da tsakanin yatsu. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna ke kawo shi, ita kuwa ba abin da take so kamar damshi da ɗumi da zaƙi. Mata da yawa suna shekara suna shan maganin sanyi saboda ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa, alhali sukari ne ke ciyar da cutar, kuma muddin bai sauka ba maganin ba zai yi tasiri mai ɗorewa ba.

Ta huɗu ita ce tabo a ƙwauri, 'yan ƙanana masu duhu, kewayayyu, waɗanda ba sa zafi ba sa ƙaiƙayi, mutum ya ɗauka tsohon rauni ne ya manta. Su kansu ba su da lahani, amma sukan nuna cewa ciwon ya daɗe har ya fara taɓa jijiyoyi.

Ta biyar, wadda ta fi duka hatsari, ita ce rauni ƙarami da ya ƙi warkewa. Duk mikin da ya yi mako 2 bai kama hanyar warkewa ba, akwai dalili.

DAMSHIN KUDU DA HUNTURUN AREWA

Ɗan Arewa mazaunin Kudu fatarsa tana shan wuya biyu. A Legas da Fatakwal da Warri iska cike take da damshi kusan duk shekara, gumi ba ya bushewa, da damina kuma unguwanni da kasuwanni su cika da ruwa da taɓo. Mahaucin da ya wuni cikin takalmin roba mai tsawo, da mai wankin mota, da ɗan ga-ruwan da ƙafarsa ba ta rabuwa da laima, tsakanin yatsunsu yakan yi fari ya saɓule ya tsage. Ga mai lafiya wannan ƙaramin abu ne. Ga mai ciwon sukari ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta su shiga nama.

In kuma ya tafi ganin gida da hunturu, sai busasshiyar iska ta karɓe shi, kaushi ya taru, faso ya tsage dunduniya har jini. Ga sanyin asuba, sai a jawo kaskon wuta a miƙe ƙafa, ko a sa ta cikin ruwan zafi. Wanda jijiyoyinsa suka mutu yana iya ƙonewa har fata ta yi bororo bai ji kome ba. Haka ɗan acaɓa kan ƙone da salansa, haka kuma alhazai masu ciwon sukari kan ƙone tafin ƙafa in sun taka daɓe mai zafi a ƙasa mai tsarki ba takalmi.

Alwala sau biyar tsabta ce babba ga ƙafa, kuma dama ce ta duba ta sau biyar a yini. Abin da ya rage shi ne a riƙa ajiye ɗan tawul ko tsumma mai tsabta, a tsane tsakanin yatsu kafin a mai da ƙafa cikin takalmi.

DAGA ƘARAMIN RAUNI ZUWA YANKE ƘAFA

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ƙusa ta huda silifas, ko sabon takalmi ya ci mutum, ko tsakuwa ta shiga sau-ciki ya wuni yana taka ta. Da yake ba zafi, sai ya ci gaba da aiki. Bayan kwanaki wurin ya kumbura ya fara wari. A kan baƙar fata ba a cika ganin jan da ke nuna rauni ya harbu ba, don haka sai a dogara da kumburi, da ɗumin wurin, da ruwa ko mugunya a safa. Daga nan sai a shiga 'yan dabaru: wannan ya ce a barbaɗa garin kafso, wancan ya ce tsallake ne aka yi masa, wani ya ce irin wannan ciwo ba ya son allura. Wani ma sai a sa shi a mota a yi kwana da yini zuwa gida wurin mai magani. Kafin a kai shi asibiti cutar ta kai ƙashi, yatsa ya yi baƙi.

Binciken likitoci ya nuna cewa cikin masu ciwon sukari, tsakanin 19 zuwa 34 bisa 100 sukan yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda wannan ciwo da ɗan gyambo suka fara. Watau akasarin yankewar nan abin da za a iya kaucewa ne.

Hannu ma bai tsira ba. Likitoci a Nijeriya da Tanzaniya sun yi rubuce-rubuce a kan yadda ɗan rauni a hannun mai ciwon sukari, kamar sukar ƙaya, ko cizon ƙwaro, ko ɗan karkare, kan harbu cikin 'yan kwanaki ya cinye hannu. Mahauta da masu tsire da masu gyaran kifi, waɗanda kullum wuƙa ke hannunsu, su lura da wannan.

Akwai magana kuma ga masu yankan farce da wanzamai, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da ke zaga titunan Kudu. In mutum ya ce yana da ciwon sukari, kada a bi gefen farce da almakashi a ƙwaƙule, kada a fere masa kanta ko kaushi da reza, kada a yi masa sakiya ko tsaga a ƙafa. A yanke farcen a miƙe, a goge bakinsa, shi ke nan. Shi ma mai ciwon ya faɗa tun kafin a fara, ba abin kunya ba ne.

MAN BILICIN DA SHA-KA-FASHE

Wasu matan in sun ga wuyansu ya yi baƙi sai su nufi man bilicin. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, ya kuma ba funfuna da ƙuraje ƙarfi. In aka daɗe ana shafa shi a jiki duka yakan ratsa fata ya shiga jini, har ya ɗaga sukari. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, galibinsu sitiroyid ne, kuma suna iya tayar da ciwon sukari ga wanda ke dab da shi. Baƙin wuya ba ya jin mai. In ƙiba ta ragu, sukari ya daidaita, yakan dushe da kansa.

AWO DA ABINCI

Awon sukari ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, ba ya cin minti 5, kuma ana yinsa a ƙananan asibitoci da manyan kemis. A je da safe kafin a ci kome, bayan awa 8 ba abinci. In na'ura ta nuna ƙasa da 100, lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ta nuna 126 ko fiye, aka sake wata rana ta kuma nuna haka, to ciwon sukari ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a wurinsu 7.0 ita ce daidai da 126. Akwai kuma awon da ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, wanda 6.5 bisa 100 ko fiye ke nuna ciwo. Mai sikila ya gaya wa likita, don sikila takan rikita wannan awo.

Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen masu ciwon sukari: na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, na Ibadan ba shi da nisa da Sabo, akwai kuma na Binin da na Inugu da na Fatakwal. Wanda Turanci ko Yarbanci ko Ibo ke ba shi wuya ya tafi da ɗan'uwa mai yi masa tafinta. A ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara, watau Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ƙungiyoyi da asibitoci da dama sukan yi awo kyauta, kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna iya gayyatar ma'aikatan lafiya su zo har zango.

Game da abinci, zaman Kudu ya canja wa ɗan Arewa ci. Wanda ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka da furar gero, yanzu karin kumallonsa shayi ne da burodi, da rana garin kwaki da sukari ko farar shinkafa, da dare taliya, a kora da lemon kwalba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, watau giram 50, in ma da hali a tsaya a 6. Wanda ke shan shayi kofi 3 a yini, kowane kofi da cokali 4, ya cika 12 tun bai taɓa lemo ba, alhali kwalba ɗaya mai santilita 50 tana iya ɗauke da kusan wannan adadi ita kaɗai. Zuma da rake da dabino su ma zaƙi ne, jini bai bambanta su sosai ba.

Ba a ce a daina cin tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye, irin su zogale da rama da kuɓewa da ugu, a yawaita wake da kifi, a sha fura da kunu ba sukari. 'Yan canji da masu shago da direbobi, waɗanda aikinsu na zama ne, su sami tafiyar ƙafa ta minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a Amurka cikin 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da suka rage ƙiba kaɗan suka kuma riƙa motsa jiki, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 bisa 100. Shuwaka da garahuni da sauran masu ɗaci ba sa maye gurbin maganin likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai yin allurar insulin ya riƙa canja wuri, don in ya nace wa wuri ɗaya fatar takan yi ƙullutu, maganin ya daina shiga yadda ya kamata.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ya mai da duba ƙafa al'adarsa ta kowane dare, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, in ido bai kai ba ya sa madubi ko wani ya duba masa. Ya shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, ya kuma bar taba, don tana ƙara tsuke jijiyoyin jini. In ya ga kumburi, ko wari, ko mugunya, ko yatsa ya canja launi, ko zazzaɓi ya biyo bayan rauni, to asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta tashi, kada kuma a jira tafiya gida da Salla.

Kuɗin awo bai kai abin da mutum ke kashewa a man shafawa da maganin ƙaiƙayi cikin wata guda ba. Duk wanda ya kai shekara 35, ko yake da mai ciwon sukari a danginsa, ko ya ga ɗaya daga cikin alamun da aka zana a sama, ya je a auna shi cikin makon nan, ya kuma ja maƙwabcinsa na shago su tafi tare. Allah ya ƙara lafiya, ya mai da kowa gida da ƙafafunsa.